Tsakanin B da C

Ƙarfe biyun dare a unguwar Yelwa, Garwa ba ta huce ba.
Fanka na juya zafin da rana ta bari.
A kan tebur, ɗan koren allo mai faɗin tafin hannu
wanda zai zauna a cikin sikelin awon auduga
idan ya yarda ya farka.
Sau ɗaya cikin tashi ashirin yakan ƙi.
Wannan ɗayan nake farauta, yau kwana huɗu.

Laifina ne, na so in ga komai.
Na ajiye magatakarda a bakin kowace ƙofa ta cibiyar manhaja,
na ce duk aikin da ya shiga, rubuta sunansa,
rubuta sa'ar da ya fita.
Na manta shi ma ta ƙofa yake shigowa.
Ya zo rubuta baƙo, ya tarar da kansa a bakin zaure,
ya kira kansa ya zo ya rubuta kansa,
wanda aka kira ya kira wani,
kwano kan kwano kan kwano
har jeren ya taɓo rufi ya zube.

Na gyara wannan ran Talata.
Laraba ta zo da nata:
ya ɗaga alƙalami tun ba a shimfiɗa takarda ba.
Ba a raba ƙwaƙwalwa ba tukuna,
ba a zana taswirar adireshi ba,
shi kuwa ya aika wasiƙa zuwa gida mai lamba
a unguwar da ko filayenta ba a yanka ba.
Na'ura ta yi tuntuɓe.
Mai tare ta ya yi tuntuɓe.
Na uku ya faɗo a kansu,
sai ta koma farko, shiru, kamar ba a yi ba.
Ba kuka, ba wasiyya.
Bakin da zai ce ga abin da ya kashe ni
sai nan gaba ake gina shi.

Hamajoda, da muke raba kuɗin hayar shago,
ya juya a kan benci, ido a rufe:
"Cire ɗan leƙen asirin naka mana."
Na cire. Ta tashi garau, tana gaisuwa layi bayan layi.
Na mayar. Ta mutu.
Mai jinya ne ke kwantar da marar lafiya,
ainihin ciwon kuma yana gefe, ya harɗe ƙafa.

To, na sauko daga girman kai.
Na jona siririyar waya daga allon zuwa tsohuwar kwamfutata,
na dasa haruffa da hannu, ɗai-ɗai,
kamar mai jefa tsakuwa a rijiya yana kasa kunne.
Nan A. Bayan taku goma, B. Can gaba, C.

Na kunna.
A.
B.

Na jira har shayi ya yi fata.

A makaranta an koya mana
tsakanin B da C akwai wani harafi mai ƙugiya,
wanda wannan waya ba ta san shi ba.
Da shi ake fara ɓata, da ɓoye, da ɓaraka.
Nan abin yake zaune, layi goma sha bakwai,
inda ake sauya tsohuwar taswira da sabuwa
na'ura na tsaye a kan dukkansu, ba ta kan ko ɗaya.

Na rubuta a saman kowane aiki na wurin:
kada a rubuta wannan.
Magatakarda ya jira a waje har a kira shi.

Inna takan ce ba wanda ya duba agogo daren da aka haife ni,
hannun kowa a cike yake.
Sai da na yi kuka aka ce wajen asuba ne.

Na sake kunnawa. A. B.
Wani babur ya wuce ta hanyar gadar Binuwai.
Dorina ma in ta nutse, ba ka bin ta cikin ruwa,
kana tsayawa ne a gaɓa, kana ƙirga.

C.

Hamajoda na minshari.
Saura tashi goma sha tara kafin in yarda da ita.